Mun je ƙasar Kurfai: rijiya ba a ɗaukar ta a ka

 

Mu huɗu ne ƙungiyarmu ta tura ƙasar Kurfai a watan Janairu, kuma mun yi alkawarin in Allah ya maido mu lafiya za mu ba da labarin abin da muka gano, don sauran ƙungiyoyi su ma su amfana. Ga cikon alkawari.

Dalilin tafiyar gardama ce. Mu talatin ne a ƙungiyarmu, a wani ƙauye na ƙasar Maradi, kowace tana zuba dala hamsin duk sati. Bara wani maƙwabcinmu, mutumin kirki, ya ce zai ara mana wani fili a bakin fadama mu yi noman rani. Sai wasunmu suka kawo shawara a cire jika 250 daga akwati kafin rabo, a gina rijiyar siminti, a sayi wayar shinge. Wasu suka ce ba su yarda ba, kuɗin nan da shi za su yi wa ɗiya kayan ɗaki, da shi za su sayi tunkiyar kiwo. Sati uku ana taro ana tashi ba a daidaita ba, har mata biyu suka ce in an taɓa akwatin za su fita. Ana cikin haka wata daga cikinmu, wadda ƙanwarta ke aure wajen Filinge, ta ce matan garin ƙanwar tata sun riga mu shiga wannan ruwa, sun sha wuya, sun fita. Aka ce to, gani ya kori ji. Aka haɗa mana kuɗin mota daga asusun taimako.

Daga Yamai zuwa kwarin Dallol

Mun kwana Yamai wajen dangi, da safe muka shiga motar Filinge. Tafiyar wajen kilomita 180 ce, arewa maso gabas. An gargaɗe mu tun daga gida kada mu bi hanyar nan da dare, kuma kowa ya riƙe katin shaidarsa kusa, don akwai shingayen jami'an tsaro. Mun bi wannan shawara, kuma duk wadda za ta je muna ba ta ita.

Zangon farko shi ne Baleyara, inda kasuwa ke ci ranar Lahadi. Ba ranar kasuwa muka bi ba, amma mun ga filin da ake tsayar da dabbobi, faɗinsa ya isa ya gaya wa mutum irin raƙuma da shanun da ke taruwa can. Daga Baleyara ne hanya ke shiga cikin kwarin da ake kira Dallol Boso. Wadda ba ta taɓa gani ba, ta ɗauka wani babban kogi ne da ya ƙafe tun zamanin da ba wanda ya sani. Ya taso daga ƙasar Azawak can arewa, ya gangara kudu har ya tarar da kogin Kwara. Hagu da dama duwatsu ne jajaye masu shimfiɗaɗɗen kai, sun tsaya kamar katanga. Tsakiya kuwa yashi ne fari, da gawo, da goriba, da gonakin hatsi da aka girbe. Ruwan kogin bai tafi duka ba, yana nan kwance ƙarƙashin yashi. Shi ya sa a cikin kwari rijiya ba ta da zurfi, amma da ka hau tudu sai ka ga jaki ko sa yana jan guga da igiya mai tsawon gaske.

Mun wuce Damana, ƙasar Tondikandiya, ta Zabarmawa. Wani dattijo a motar ya nuna mana wajen da Fandu take, garin da aka haifi Janar Seyni Kunce, wanda ya mulki ƙasar nan daga 1974 har rasuwarsa a 1987, kuma can aka rufe shi. Manyanmu sun tuna zamanin samariya, lokacin da ake fita aikin gayya unguwa unguwa. Bayan nan sai Bonkuku, ƙasar Imanan ta Buzaye, inda muka ga abin da ya sa mu yin shiru: garake kore shar a tsakiyar rani, yawancinsu dankalin turawa. Dankalin nan har kasuwannin Yamai ake kai shi. Ma'ajiyarmu ta leƙa ta taga ta ce, "Kun ga abin da nake gaya muku? Kuɗi na cikin ƙasa." Wadda ke adawa da ita a gida, da gangan muka taho da ita, ta ce, "Ƙasar wa?" Ashe tambayar tafiyar tamu ke nan gaba ɗaya.

Filinge

Garin Filinge yana jingine da gefen kwarin, duwatsu na kallonsa. Shi ne babban garin gundumar, wadda ke cikin jihar Tillaberi. A da gundumar ta haɗa har Abala da Baleyara, sai a 2011 aka ba kowannensu tasa. Yanzu ƙananan hukumomi huɗu gare ta: Filinge, Imanan, Tondikandiya da Kurfai ta Tsakiya. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da dubu 90 a ƙaramar hukumar Filinge, gari da ƙauyukanta.

Kurfayawa Hausawa ne, su ne ƙarshen ƙasar Hausa ta yamma. Hausarsu ta fi kusa da ta Arewa da Adar. Sai ka ji an ce "hili", "tahiya", "mi kunka samu?" Da yawansu suna jin Zabarmanci kamar Hausa, kuma a kasuwa za ka ji Fillanci da Buzanci. Sarautar ƙasar tana hannun gidan Mayaƙi tun farkon zuwan Turawa. Arewa da gari kaɗan akwai Tukunus, gandun gwamnati inda tun 1954 ake renon shanun Azawak, jajayen nan masu nono da kowace mai kiwo ke so. Mun sayi cuku a tasha, mun ci, mun riƙo wa yara.

Wani abu da muka ji daga tarihin ƙasar ya tsaya mana a rai. A 1925, a garin Shikal, wata mace mai suna Shibo ta jagoranci mutanen da ake kira Babule, masu bori, waɗanda suka ƙi bin umarnin Turawan mulki da sarkin da Turawan ke goyon baya, har aka kama su aka kai Yamai. Ba borin ne ya dame mu ba. Abin da muka lura shi ne, mata masu tsayawa gaban hukuma su yi magana ba baƙi ba ne a ƙasar nan.

Filin aro

Daga Filinge amalanken jaki ya kai mu ƙauyen masu masaukinmu, tafiyar wajen awa biyu. Mun iske su a gonar, sun fi arba'in, wasu na jan ruwa, wasu na cirar salati. Shugabarsu dattijuwa ce doguwa mai ƙarancin magana. Muka durƙusa muka gaishe ta, muka fara bayani, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Ɗiyana, ku zamna ku sha hura tukuna. Magana ba ta gudu."

Da muka sha, ba ta nuna mana gonar da muke ciki ba. Ta ce mu biyo ta. Muka yi tafiya kaɗan zuwa wani fili daban, mai rijiyoyin siminti biyu, an shuka albasa, wani saurayi yana ban ruwa. Ta gaishe shi, ya amsa da ladabi. Da muka ɗan yi nisa ta ce, "Rijiyoyin ga da kunka gani, kuɗɗinmu na. Zubin shekara biyu."

Ga yadda abin ya faru. Wani tsoho ne ya ara musu filin, da baki, a gaban mutum biyu. Ƙasar ta gaji, ba ta ba da komai. Suka kwashe takin gidajensu a ka suka zuba, suka gina rijiyoyi, suka kewaye da waya. Shekara ta uku gona ta yi kyau, har masu saye na zuwa daga gari. A shekara ta huɗu tsohon ya rasu. Ƴaƴansa suka dawo daga cin rani, aka zauna rabon gado, filin ya faɗa a rabon ɗaya daga ciki. Ya ce mahaifinsa aro ya ba da, aro kuwa ana maido shi, kuma shi ma yana da iyali. Aka je gaban mai gari. Shaidu biyun nan, ɗaya ya rasu, ɗaya ya ce ya ji an ce aro amma bai ji an faɗi shekaru ba. Mai gari ya yanke cewa fili na magada ne.

Muka ce, "Inna, ai zalunci ne wannan!" Ta girgiza kai. "Yaron bai yi ƙarya ba. Hilin ubansa na. Mu munka yi wauta. Mun kwashe wayarmu, mun naɗe, mun kai gida. Amma rijiya ba a ɗaukar ta a ka."

Mata tara suka bar ƙungiyar a wannan shekara. Wasu mazajensu ne suka ce su fita, tun da an zubar da kuɗi a ƙasar mutane. Wadda ta yi adawa a cikinmu ba ta ce komai ba, amma mun ga ta gyara ɗaurin zanenta.

Kujerar da ba kowa a kai

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin abin da muka je nema. Wata malamar lakwal da aka turo garin ce ta tambaye su ko sun san kwamitin filaye na gari. Ba su sani ba. Watakila da yawa cikin masu karanta wannan ma ba su sani ba, don haka bari mu yi bayani kamar yadda aka yi mana.

Ƙasarmu tana da dokar karkara, wadda aka sa wa hannu ranar 2 ga Maris 1993. Dokar ta ce albarkatun karkara dukiyar ƴan ƙasa ce baki ɗaya, kuma kowa na da damar samun su, ba bambanci tsakanin namiji da mace. A ƙarƙashin wannan doka aka kafa kwamitocin filaye hawa hawa: na gunduma, na ƙaramar hukuma, da na gari, wanda ake kira Kofob. Mai gari ne shugaban na gari. Akwai magatakarda, akwai wakilin manoma, na makiyaya, na matasa, akwai kuma wakiliyar mata. Kwamitin yana rubuta takardar shaida kan sayar da fili, ko kyauta, ko aro, ko haya, ko jingina, ko filin da mutum ya gada. Ana ajiye kwafi a gari, ana aika wa ƙaramar hukuma da gunduma.

Da suka bincika, sai suka tarar garinsu yana da kwamitin tun da daɗewa, har da sunan wata mace a jerin. An rubuta ta ne ranar da aka kafa shi don a cika lissafi, ba a taɓa kiranta zama ba, ita ma ba ta san an rubuta ta ba. Sai ƙungiyoyin asusu uku na garin suka haɗu, suka zaɓi mace guda mai baki da haƙuri, suka je wajen mai gari da goro, suka ce ga wadda mata suka yarda ta zauna musu. Bai ƙi ba. Shugabar ta ce ba faɗa suka je yi ba, kujerarsu suka je nema, kujerar kuwa tana nan ba kowa a kai.

Sun ɗauki shekara biyu kafin su sami wani filin, wanda muka iske su a ciki. Wannan karon magatakardarsu ta buɗe akwati mai kwaɗo uku ta ciro mana takardar, an naɗe ta cikin leda. Ta karanta mana da Faransanci tana fassarawa. Mun roƙe ta ta maimaita har muka haddace abin da ke ciki:

Na farko, an faɗi shekarun aron, shekara goma, da ranar farawa. Na biyu, an faɗi iyaka ta gabas da yamma da kudu da arewa, da sunayen maƙwabta, kuma an zagaya filin da ƙafa a gaban kowa. Na uku, ba mai filin kaɗai ya dangwala hannu ba, har ƴaƴansa maza da mata. Wanda ke Abijan an kira shi a waya a gaban shaidu, ya ce ya yarda. Na huɗu, an rubuta cewa an ba su izinin gina rijiya da dasa itace. Wannan yana da muhimmanci, don a al'adarmu mai aro ba ya dasa itace, ana ganin kamar yana neman mallake wurin ne. Na biyar, an rubuta cewa in mai fili ya so karɓar abinsa kafin wa'adi, sai ya biya kuɗin rijiya. Takardar da sunan ƙungiya aka yi ta, ba da sunan shugaba ba.

Ranar zagayen iyaka wani abu ya taso. Wakilin makiyaya ya ce shingen da suke shirin kafawa ya ci gefen burtali, inda shanu ke bi zuwa rijiyar gari. Matan suka so su yi gardama, amma wakiliyarsu ta ce a ja baya. Aka ja shinge taku goma sha biyu. Sun rasa fangali shida, amma tun daga ranar dabba ba ta taɓa faɗa musu gona ba, kuma matan Fulani biyar na rugar da ke kusa sun shigo ƙungiyar, su ke kawo taki. Mu da muka fito ƙasar Maradi mun san abin da rikicin burtali ke jawowa, ba sai an gaya mana ba.

Amalanken ƙungiya

Jakin da ya ɗauko mu daga Filinge, ashe na ƙungiyar ne. Labarinsa ya fara ne daga matsalar tsaro. Tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tillaberi, kuma a farkon 2020 aka hana hawan babur a wurare da dama na jihar, saboda da babura maharan ke yawo. Dokar tana da dalilinta, amma a ƙauye babur shi ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa. Sun ba mu labarin wata ƴar ƙungiyarsu da naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare, aka yi ta yawon neman aron amalanke gida gida, kafin a kai ta likita jaririn ya tafi. Uwar ta rayu, ita ce ma ta dama mana fura.

A taron da ya biyo baya suka yanke shawarar sayen jaki da amalanke daga asusun taimako. Ƙa'idarsa a rubuce take. Mai naƙuda da mara lafiya kyauta ne, dare ko rana, ko ƴar ƙungiya ce ko ba ita ba. Ranar kasuwa yana ɗaukar kayan gona, kowane buhu da kuɗinsa, daga nan ake sayen dusa da gyaran taya, ana ba yaron da ke tuƙi ladansa. Jakin yana kwana gidan mace guda da kowa ya sani, don kada a yi ta nema.

Akwai kuma wata ƙorama da ke yanke hanyarsu duk damina, ruwan da ke gangarowa daga kan dutse da ƙarfi. Wannan ta fi ƙarfin akwati. Abin da suka iya shi ne gayya: maza suka fasa duwatsu, mata da amalanke suka kwaso, aka jera a mashigin. A saman dutsen kuma an haƙa ramukan rabin wata a kan faƙo, irin waɗanda muka sani a aikin gandari, don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa maimakon ya kwararo. Gada kuwa sun rubuta wa ƙaramar hukuma sau biyu, suna jiran amsa. Sun ce za su sake rubutawa.

Aji na zana

Da yamma suka kai mu lakwal. Aji uku ne na siminti, biyu na zana da kara. Duk shekara sai an gama girbi an sami kara kafin a kafa su, shi ya sa yaran waɗannan azuzuwa ba sa fara karatu tare da sauran a watan Oktoba. Da ruwan farko ya sauka kuma karatu ya ƙare. Ga tsoron wuta. Ba wadda ta manta da gobarar unguwar Peyiba a Yamai ranar 13 ga Afrilu 2021, inda yara ashirin suka rasu a ajin zana, da ta Maradi a watan Nuwamba na wannan shekara, wadda ta ci yara sama da ashirin. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

A nan ma sun yi abin da suka yi da kwamitin filaye. Kowace lakwal tana da kwamitin kula da ita, wanda aka fi sani da Kojes, kuma akwai ƙungiyar iyaye mata. Suka shiga, suka nemi a riƙa karanta lissafin kuɗin kwamiti a bainar jama'a kamar yadda ake ƙidaya kuɗin akwati. Ma'ajiyarsu ta ce, "Mu da muka saba ƙidaya kuɗɗi gaban mutum arba'in, mi za ya ba mu tsoro?" Yanzu haka suna buga tubalin ƙasa, kowace mace ashirin, samari za su yi gini, ƙungiyoyin uku za su sayi kwano da ƙofa. Mun ga tubalan a jere suna shan rana.

Matsalar da ta fi ci musu rai ita ce ta ƴan mata da suka gama firamare. Kwaleji tana gari, ba a iya zuwa a dawo kullum, sai yarinya ta sami mai masauki. Da yawa a nan karatunsu ke tsayawa, duk da dokar watan Disamba 2017 da ta ce a tallafa wa ɗiya mace ta zauna lakwal har shekara 16. Dabarar da suka yi ita ce, sun sami wata gwauruwa ƴar garinsu da ke zaune Filinge, ta karɓi ƴan mata shida. Kowace uwa tana aika tiyar hatsi da kayan miya, amalanke ke kaiwa ranar kasuwa, kuma duk wata mace guda daga ƙungiya tana zuwa ta ga yaran, ta gaisa da malamansu.

Abin da ba a gama ba

Kada mu ba ku labari kamar can aljanna ce. Daminar ƙasar gajera ce, wata uku in ta yi kirki, kuma rumbu ba ya kai wa wata damina. Rabin mazan garin suna Najeriya, ko Abijan, ko Libiya. Akwai baƙi da suka gudo daga arewa, wajen Abala, sun bar gonakinsu da dabbobinsu, suna zaune gefen gari. Ƙungiyar ta ba matansu fangali huɗu, amma ba su isa ba. Akwai ƴan ƙungiya biyu da suka ci bashi suka kasa biya, maganar tana nan ba a warware ba. Takardar aron ma saura shekara huɗu ta ƙare. Shi ya sa duk rabo suna ware wani abu gefe, suna fatan su sayi ko da rubu'in filin ne, da takardar saye.

Da dare muna zaune a tsakar gida, shugabar ta tambaye mu shekara nawa muka yi muna asusu. Muka ce goma sha ɗaya. Muka ƙara da alfahari cewa ai a ƙasarmu ta Maradi aka fara Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE, kafin abin ya bazu ƙasashen duniya. Ta yi murmushi ta ce, "To, ku kunka koya muna tara kuɗɗi. Wa ke zamna muku wurin da aka rabon hili?" Muka dubi juna. Babu wadda ta san ko garinmu yana da kwamitin.

Abin da muka kawo gida

Mun dawo lafiya, mun ba ƙungiya labari. Mun bincika, garinmu yana da Kofob, kuma kujerar mata ba kowa a kai. Mun zaɓi wadda za ta zauna, kuma ba kowa ba ce illa wadda ta yi ta tambaya "ƙasar wa?" An yanke cewa ba za a taɓa ko dala ɗaya daga jika 250 ɗin nan ba sai takarda ta shiga akwati. Mun je wajen maƙwabcinmu da goro, mun gaya masa ba rashin yarda ba ne, rai ne ba ya da tabbas, namu da nasa. Da farko ransa ya ɗan sosu. Bayan kwana biyu ya aiko cewa shi ma ya fi son haka, don kada ƴaƴansa su yi rigima da iyayen garinsu bayan ba shi. Ɗansa guda yana Agadas, ana jiran a same shi a waya. Mata biyun da suka ce za su fita suna nan, sun ce su ma sai sun ga takardar da idonsu.

Ga abin da muke roƙon kowace ƙungiya ta tattauna a taronta na gaba, bayan an gama zubi:

Filin da kuke nomawa tare, na wa ne, kuma me aka rubuta a kai? In da baki aka ba ku, ku nemi a rubuta tun mai shi yana raye kuma ana shiri.

Garinku yana da kwamitin filaye? Wace ce wakiliyar mata, kuma yaushe rabon da a kira ta zama?

Wadda ta gaji gona wajen mahaifinta ko mijinta, rabon da addini ya ba ta, an nuna mata iyakarta? Tana da takarda?

Wa ke zauna muku a kwamitin lakwal, kuma an taɓa karanta muku lissafinsa?

In naƙuda ta tashi yau da dare, da me za a kai mace likita, kuma a gidan wa abin yake kwana?

Muna godiya ga matan Kurfai da suka karɓe mu, suka ciyar da mu, suka nuna mana har inda suka yi asara ba su ɓoye ba. Sun ba mu irin zogale da ƙullin albasa, mun raba wa ƴan ƙungiya. Sun ce in rijiyarmu ta ba da ruwa mu aika musu, za su zo su sha. Allah ya zaunar da ƙasar Kurfai da ƙasarmu baki ɗaya lafiya, ya maido waɗanda suka bar gidajensu, ya sa albarka a akwatunanmu. Amin.